Wa ke da ta cewa a kan ruwa? Tambayoyi da amsoshi kan shigar da jama'a cikin bitar tsarin Tafkin Ontariyo da Kogin Sen Lorens

A kan iyakar Kanada da Amurka, tsakanin garin Cornwall na lardin Ontariyo da garin Massena na jihar Niyok, akwai wata madatsa mai suna Moses-Saunders da ta tare Kogin Sen Lorens. Kusan duk ruwan da ke barin Tafkin Ontariyo ya nufi teku ta nan yake bi, kuma kowane mako sai an tsayar da yawan da za a bari ya wuce. Mai gida a bakin tafkin, da manomin da gonarsa ke gangaren birnin Montiriyal, da matuƙin jirgin dakon kaya, duk wannan shawara tana shiga rayuwarsu, ko sun sani ko ba su sani ba. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi yawo a bakin mutane duk lokacin da aka ce za a sake duba ƙa'idojin sakin ruwan.

Mene ne "daidaita matakin ruwa" tukuna?

Shi ne sarrafa yawan ruwan da ke fita daga tafki ta madatsa, don kada tafkin ya cika ya tumbatsa, kada kuma ya janye har jirage su kafe. Ba da ka ake yin sa ba. Akwai rubutaccen tsari da ke cewa idan tafki ya kai kaza, ruwan da ke shigowa kuma ya kai kaza, to a saki kaza.

Sai dai kalmar tana ruɗar mutane. Wanda ya ji ta sai ya ɗauka akwai wani famfo da ake murɗawa, tafki ya tsaya inda ake so. Cikin manyan tafkunan nan biyar na Arewacin Amurka, biyu kaɗai ake sarrafa mafitarsu: Sufiriyo da Ontariyo. Kimanin kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke shiga Ontariyo daga Tafkin Eri yake gangarowa, akasarinsa ta Kogin Nayagara, kuma babu wata ƙofa da za a rufe a hana shi zuwa. Ƙofar fita kaɗai ke hannun mutane. Duk wanda zai shiga wannan muhawara, gara ya riƙe wannan tun daga farko.

Wa ke riƙe da ikon?

A 1909 Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar ruwayen kan iyaka. Ita ta haifar da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da IJC, mai kwamishinoni shida, uku daga kowace ƙasa. Hukumar ce ta amince da aikin madatsar a 1952, ta gyara sharuɗɗan a 1956, madatsar kuma ta fara aiki a 1958. Hidimar yau da gobe tana hannun wata majalisa da hukumar ta naɗa. Ita ke bin tsarin mako-mako, ita kuma ake ba izinin kauce masa idan ruwa ya kai matakin haɗari.

Sassa biyu na yarjejeniyar sun shafi maganarmu. Sashe na 8 ya jera amfanin ruwa bisa fifiko: na gida da tsafta a gaba, sai zirga-zirgar jirage, sannan lantarki da ban ruwa. Sashe na 12 kuma ya wajabta a ba duk wanda abu ya shafa damar da ta dace a saurare shi. Ke nan sauraron jama'a ba alfarma ba ce da wani shugaba ya ga dama ya yi, haƙƙi ne rubutacce tun fiye da shekara ɗari. A lura kuma, jerin fifikon bai ambaci kifi ko fadama ko masu kwale-kwalen shaƙatawa ba. Waɗannan daga baya suka samu kujera, kuma sai da mutane suka yi ta magana a kansu.

Tunda lissafi ne na injiniyoyi, me ya kawo jama'a ciki?

Na'urar awo za ta gaya maka tafki ya kai mita 75.5 sama da matakin teku. Ba za ta gaya maka cewa a wannan matakin, idan iska ta kaɗo daga arewa maso gabas, raƙuman ruwa suna tsallake katangar wata unguwa ba, su cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sokawe ya tumbatsa, titin da motar asibiti ke bi ya nutse. Mai gidan ne ya san wannan, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya kwana yana jera buhunan yashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsarin da aka gina ba da wannan ilimin ba, lambobi kawai yake gani, bai san inda ɓarna ke farawa ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Injiniya zai iya lissafa maka cewa idan ka rage wa mutanen tafki santimita 2, za ka ƙara wa mutanen gangare fiye da 20. Abin da ba zai iya gaya maka ba shi ne wanne ya fi cancanta a tausaya masa. Gida ɗari a bakin tafki, ko gona dubu a gangare? Kariyar katangar mai gida a bana, ko fadamar da jikoki za su gada? Wannan tambaya ce ta adalci, kuma digiri ba ya ba mutum ikon amsa ta a madadin wasu. Waɗanda za su ɗauki nauyin amsar su ya kamata su zauna a inda ake auna ta.

Sannan akwai tarihi. Ranar 1 ga Yuli 1958 aka saki ruwa ya cika bayan madatsar, ya shanye garuruwa da ƙauyuka 10 a ɓangaren Ontariyo, aka tashi mutum kimanin 6,500. Al'ummar Mohawk ta Akwesasne, ta 'yan asalin ƙasar, wadda ƙasarta ke daidai wurin, ta rasa filaye da wuraren kamun kifi, ba tare da an nemi shawararta yadda ya kamata ba. Sai a 2008 kamfanin lantarki na lardin Ontariyo ya nemi afuwarsu a hukumance, bayan shekara 50. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin dalilin da ya sa mutanen kogin ke son a tambaye su kafin a taɓa ruwa ba.

Ra'ayin jama'a ya taɓa sauya wani abu kuwa, ko dai sauraro ne kawai?

Ya taɓa, kuma a fili.

Daga 1963 ana aiki da wani tsari mai suna 1958-D, wanda burinsa shi ne matse hawa da saukar tafkin cikin kimanin ƙafa 4, wato mita 1.2. Masu gidaje sun ji daɗinsa, har mutane suka ƙara matsowa bakin ruwa da gine-gine. Amma fadamun bakin tafki suna buƙatar ruwa ya riƙa hawa yana sauka, wata shekara ya cika, wata ya janye. Da aka hana shi, sai kacalla ta mamaye wurare, ta kori sauran tsirrai, ɓerayen ruwa da ke sara ta suna buɗe hanyoyi suka ragu, kifayen da ke ƙwai a cikin ciyawar fadama su ma suka ragu.

Daga 2000 zuwa 2006 aka gudanar da babban nazari na dala miliyan 20, da kwamitin ba da shawara na jama'a a cikinsa, ya fito da zaɓi uku. A 2008 hukumar ta gabatar da nata, mai suna Tsarin 2007, wanda bai yi nisa da tsohon ba. Aka fita zaman jin ra'ayi a garuruwan ƙasashen biyu, jama'a suka yi masa ca, musamman masu ganin bai yi wa muhalli komai ba. Kafin shekarar ta ƙare hukumar ta janye shi. Aka koma teburi, aka fito da wani a 2012, aka ƙara masa matakan da in an kai su za a iya kauce wa tsarin don kare mutane, aka sake zaman sauraro a Yulin 2013. Wannan ne ya zama Tsarin 2014. Gwamnatocin biyu suka amince da shi a Disambar 2016, ya fara aiki a Janairun 2017, da burin farfaɗo da fadamu hekta 26,000.

Amma kada a ɓoye ɗaya ɓangaren. Da yawa daga masu gidaje a gaɓar kudu, ɓangaren Niyok, sun ƙi tsarin tun daga farko har ƙarshe, kuma ita kanta hukumar ta amsa cewa zai ƙara musu kuɗin kare gaɓa. An saurare su, ba a bi ra'ayinsu ba. Wannan ciwon yana nan.

Me ya faru a 2017 da 2019 da har aka ce a sake dubawa da gaggawa?

Watanni kaɗan da fara sabon tsarin, sai ruwan sama ya sauka a Afrilu da Mayun 2017 irin wanda ba a saba gani ba. Tafkin ya kai mita 75.88, ya wuce duk abin da aka taɓa aunawa. Gidaje suka cika, gaɓa ta zaizaye, aka rufe tsibiran Toronto ga masu ziyara har ƙarshen Yuli. Ba a gama farfaɗowa ba, a Yunin 2019 ya kai 75.92.

Ka sa kanka a matsayin mai gidan. Shekara da shekaru kana cewa sabon tsarin zai nutsar da kai, aka fara shi a Janairu, a Mayu ruwa na cikin falonka. Wane bayani ne zai shiga kunnenka? Binciken masana ya nuna ruwan sama, da yanayin ƙanƙara, da abin da ya kwararo daga Eri da Kogin Otawa ne sanadi, kuma ko da tsohon tsarin ake aiki, da kusan haka za a gani. Na yarda da wannan binciken. Amma gaskiyar da ta zo daga bakin wanda ba ka amince da shi ba, da wuya ta yi aiki. Rashin amincin ya kai jihar Niyok ta maka hukumar a kotu a Oktoban 2019. A Fabrairun 2020 hukumar ta umurci kwamitinta mai bin diddigin tsare-tsaren ruwa, wanda ake kira GLAM, ya fara bitar gaggawa.

To me ya hana a buɗe madatsar gaba ɗaya a lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, kuma amsarta ce zuciyar lamarin.

Faɗin Tafkin Ontariyo ya kai kimanin murabba'in kilomita 19,000. Kogin kuwa siriri ne in aka kwatanta. Don a rage tafkin da santimita ɗaya tak cikin mako, sai an ƙara sakin ruwa da fiye da mita kubik 300 a kowace daƙiƙa, kuma wannan ƙarin yana ɗaga ruwa a yankin Montiriyal da fiye da santimita 10. Ga shi kuma Kogin Otawa a daidai Montiriyal yake haɗuwa da Sen Lorens. A 2017 da 2019 Otawa ya kawo ruwa fiye da kima, mutanen lardin Kebek, inda Montiriyal take, suna cikin tasu ambaliyar. Duk abin da aka ƙara saki don mutanen tafki su samu sauƙin da bai kai faɗin yatsa ba, a kan gidajen waɗancan zai sauka. Gaba kura, baya sayaki.

Da ruwan Otawa ya ja baya, an saki mita kubik 10,400 a daƙiƙa na tsawon makonni, alhali matsakaicin abin da aka saba saki kimanin 7,000 ne. Nan ma akwai masu biyan farashi. Ruwa yana yin ƙarfi har ya zama haɗari ga manyan jirage. Sannan akwai wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: ɓangaren kogin da ke dab da madatsar ta sama, inda take tare ruwa, wanda ake kira Tafkin Sen Lorens, raguwa yake yi idan aka ƙara saki. Sai ka tarar a mako guda wani yana kwashe ruwa daga ɗakinsa a gaɓar Ontariyo, wani kuma a can kusa da madatsa yana tsaye a kan gadar katakon da yake ɗaure kwale-kwalensa, ƙarƙashinta babu komai sai taɓo. Da hunturu kuma dole a rage sakin na ɗan lokaci don ƙanƙara ta daskare sumul a saman kogin, in ba haka ba ta farfashe ta toshe hanya.

Mutumin da bai taɓa jin wannan ba zai rantse cewa da gangan aka bar shi. Shi ya sa nake ganin babban amfanin zaman jama'a ba wai hukuma ta ji mutane kawai ba ne. Mutanen sama su ji na gangare, baki da baki.

Yaya aka shigar da jama'a a bitar da aka fara a 2020?

An kafa kwamitin ba da shawara na mutum 18, daga gaɓar tafki da ta kogi, daga ƙasashen biyu: masu gidaje a bakin ruwa, jami'an ƙananan hukumomi, masu harkar kwale-kwale da yawon buɗe ido, masu jiragen dakon kaya, ɓangaren lantarki, masu kare muhalli, da 'yan asalin ƙasar. Saboda annobar korona, ta intanet suka riƙa zama. Kwamitin GLAM kuma ya tattara bayanan ɓarna ta takardun tambayoyi da masu gidaje suka cike bayan ambaliyar shekarun biyu, da ganawa da ƙananan hukumomi.

An raba aikin gida biyu. Zangon farko ya duba yadda majalisar za ta yanke shawara mafi kyau idan ruwa ya yi yawa har aka ba ta izinin kauce wa tsari. Daga nan aka samar da wata manhajar kwamfuta da ke nuna wa masu yanke shawara, wuri-wuri, abin da kowane zaɓi zai jawo: in an saki kaza, gidaje nawa ruwa zai taɓa a nan, me zai faru a can. 'Yan kwamitin jama'a sun sa hannu wajen tsara abin da manhajar za ta nuna. Rahoton wannan zangon ya fito a farkon 2022. Zango na biyu shi ne na duba tsarin kansa, da iyakokinsa, a lokacin cikar ruwa da lokacin ƙarancinsa.

Ba kwamitin jeka-na-yi-ka ba ne kuwa?

Tambaya ce da ta dace, kuma duk mai hankali ya riƙa yin ta. Kwamitin shawara ba ya yanke hukunci, wannan gaskiya ne. Hukunci na hukuma ne, kuma sauya tsarin yana buƙatar yardar gwamnatoci biyu.

Ga yadda nake gane na gaske da na bogi. Na farko lokaci: an kira mutane tun ana tsara tambayoyin bincike, ko sai da aka gama rubuta rahoto? Kiran da ya zo bayan an gama, ihu ne bayan hari. Na biyu, an buɗe musu lissafin sun gani da idonsu, har su ce a gwada wani zaɓi a gabansu, ko takardar taƙaitawa kawai aka miƙa musu? Na uku shi ne wanda hukumomi suka fi kasawa a kai: a dawo a ce ga abin da kuka faɗa, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari, ga dalili. Mutum yana iya haƙura da "a'a" mai dalili. Abin da ba ya haƙura da shi shi ne ya bar aikinsa, ya zauna awa uku a zaure, ya yi magana, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Akwai kuma alamar da ake gani a cikin kwamitin kansa. Idan mai gida daga gaɓar kudu ya iya tashi ya bayyana damuwar manomin Kebek daidai, ko da bai sauya nasa ra'ayin ba, to zaman ya yi aiki.

Su wa aka fi mantawa da su?

Waɗanda ba su da ƙungiya. Kamfanonin jirage da na lantarki suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su karanta rahoto mai shafi ɗari uku su rubuta martani. Masu manyan gidaje a bakin ruwa su ma suna da ƙungiyoyi da lauyoyi. Ɗan haya fa? Mai ƙaramin shago da cinikinsa ya dogara da watanni uku na zuwan baƙi? Ma'aikacin da ba zai iya barin aiki ya halarci taron ƙarfe biyu na rana ba? Ga kuma harshe: mutanen gangare akasarinsu Faransanci suke yi, na sama Ingilishi, don haka kowace takarda da kowane zama sai an yi da harsunan biyu.

Batun 'yan asalin ƙasa daban yake. Su ba rukuni ne kawai cikin masu ruwa da tsaki ba, al'ummomi ne masu nasu shugabanci da haƙƙoƙi, kuma kujera ɗaya ko biyu a kwamiti ba ta wadatar ba. Dole a je musu takanas, a zauna bisa tsarinsu, a kuma ɗauki abin da suka sani game da kifi da tsirran magani da wuraren da suke girmamawa a matsayin ilimi, ba ado ba.

Fadama kuwa ba ta da baki. Ambaliya tana zuwa a dare ɗaya, kowa ya ɗauki hoto. Mutuwar fadama shekara arba'in take ɗauka, babu ranar da za ka nuna ka ce yau abin ya faru. Idan babu mai magana a madadinta, kullum ita za a sadaukar.

Ana ƙirga ra'ayoyi ne kamar ƙuri'a?

A'a. Wasiƙa dubu masu kalmomi iri ɗaya suna nuna mutane sun damu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wasiƙa ɗaya da ta kawo hujjar da ba a sani ba tana iya fin su tasiri a kan lissafi.

Ina zaune a bakin ruwa. Me zan kawo wanda zai yi amfani?

Kwanan wata, wuri, da awo. Maimakon ka ce ruwa ya ɓata mana komai, ka ce ranar kaza ruwa ya taɓa matakala ta biyu ta ƙofar baya, ranar kaza ya shiga ɗaki, iska daga gabas take, famfon zuƙar ruwa ya yi kwana goma sha ɗaya bai huta ba. Idan ka ja layi da alli a jikin bango ranar da ruwa ya fi yawa, ka auna shi, ka ɗauki hoto mai ɗauke da kwanan wata. Masu bincike za su haɗa ranarka da abin da na'urar awo ta nuna a wannan ranar, su gano ainihin matakin da ɓarna ke farawa a unguwarku. Da irin wannan ake cika manhajar da aka ambata a sama.

Ka ajiye rasit na gyara. Ka rubuta abin da kuɗi ba ya aunawa shi ma: makonnin da iyali suka yi a gidan 'yan'uwa, tsohuwar da ta kasa fita zuwa asibiti. Kada ka manta da shekarar da ruwa ya janye, domin a 2021, shekara biyu kacal bayan babbar ambaliya, fari ya sa kukan ya juya, masu kwale-kwale suna neman ruwa. Sannan ka karanta abin da mutanen ɗaya ɓangaren ke cewa kafin ka je. Shawarar da ta san da zamansu ta fi samun shiga.

Akwai wani wurin da aka yi irin wannan?

Akwai tafkunan Rainy da Namakan, tsakanin jihar Minesota da lardin Ontariyo, su ma a ƙarƙashin wannan hukuma. Can ana aiki da wasu layuka biyu a jadawali, na sama da na ƙasa, waɗanda ake so ruwa ya kasance tsakaninsu a kowane lokaci na shekara. Ƙa'idojin da aka kafa a 2000 sun zo da sharaɗin a sake duba su bayan shekara 15. Aka yi bitar daga 2015 zuwa 2017, da kwamitin jama'a, inda aka riƙa zaunar da mutane suna gwada yanke shawara da kansu, suna ganin abin da kowane zaɓi zai yi wa gidaje, da kifi, da shinkafar daji da al'ummar Anishinaabe ke girbewa. Sabbin ƙa'idojin 2018 sun ba da damar a rage Tafkin Rainy tun da wuri idan alamu sun nuna shekarar ambaliya ce.

Duk da haka a 2022 tafkin ya cika har ya wuce matakin 1950, wanda shi ne mafi girma a tarihinsa kafin nan.

Ke nan bita ba za ta hana ambaliya ba?

Ba za ta hana ba, kuma duk wanda ya yi wa mutane wannan alkawari ya cuce su. Idan ruwan da ke shigowa ya fi ƙarfin ƙofar fita, babu tsarin da zai tare shi. Abin da tsari ke iyawa shi ne ya rage 'yan santimita, ya sauya lokacin, ya raba wahalar ta yadda ba za ta taru a kan mutum ɗaya ba. 'Yan santimitan nan ba abin rainawa ba ne, domin wani lokaci su ne tsakanin busasshen ɗaki da jiƙaƙƙe. A 2020 an jinkirta buɗe hanyar jiragen ruwa tsakanin Montiriyal da Tafkin Ontariyo har zuwa 1 ga Afrilu don a samu damar ƙara sakin ruwa, abin da masu gidaje suka daɗe suna nema.

Sauran aikin a kan tudu yake: inda ake ba da izinin gini, yadda ake ɗaga tituna da tashoshin tace ruwa, da irin katangar da ake yi. Wannan ba hurumin hukumar kan iyaka ba ne, na jiha ne da lardi da ƙananan hukumomi. Jihar Niyok ta ware dala miliyan 300 a 2019 don ƙarfafa gaɓar tafkin da kogin. Mai son kare gidansa yana da zaure biyu da zai halarta, kuma sau da yawa na kusa da shi, inda ake maganar izinin gini da magudanun ruwa, shi ya fi zama wayam.

Idan an gama wannan bitar, shi ke nan an rufe magana?

A'a. Umurnin 2016 da ya kafa tsarin ya ce a sake duba shi kafin shekara 15 ta cika, sannan a ci gaba da yin haka lokaci-lokaci. An kafa kwamitin GLAM tun 2015 don ya riƙa bin sawu a kai a kai, yana auna ko abin da aka yi hasashe shi ke faruwa: ko fadamun suna farfaɗowa, ko ɓarnar gaɓa ta wuce yadda aka lissafa. Tsohon tsarin ya yi fiye da shekara 50 ana yi masa kwaskwarima kafin a maye gurbinsa, kuma an gina shi ne a kan bayanan ruwa na 1860 zuwa 1954. Yanayi ya sauya tun daga lokacin, yana kuma kan sauyawa.

Hukumar da majalisarta suna wallafa matakin tafkin da yawan ruwan da ake saki a shafukansu na intanet, da Ingilishi da Faransanci, kuma a nan ake sanar da lokacin karɓar ra'ayi da ranar rufewa. Wanda ya fara rubuta abin da yake gani a bakin ruwansa daga wannan makon, yana haɗa shi da waɗannan lambobi, zai je zama na gaba da littafinsa a hannu.